Baffa Tsakanin Ta Azahar da Ta Asuba

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma, mai garke da wanda ko akuya bai ajiye ba. Mahaifinmu, wanda mu 'ya'yansa muke kira Baffa, ya riga mu tafiya a tsakiyar daminar nan, a rugarmu da ke bayan Darini. Ni ce autarsa. An yi sadakar arba'in, baƙi sun watse, amma muryarsa ta ƙi barin kunnena. Shi ya sa na zauna in faɗi abin da na sani, tun kafin mutane su gama mayar da shi wani mutum daban.

Don tun a zaman makoki aka fara. Kowa ya zo da nasa Baffan. Manoman Darini suka ce shanunsa ba su taɓa sa baki a gonar kowa ba. Sun taɓa mana, sai dai shi ke fara zuwa ya faɗa tun mai gona bai gani ba. Liman ya ce mutum ne marar fushi. Inna ta ji daga bayan zana, ta dube ni, na dube ta. Goggo, ƙanwarsa, tun daga bakin shinge take kuka tana cewa allurar Bature ce ta ci ɗan'uwanta, da an bar shi da sassaƙe da yanzu yana nan. Malamin asibitin da ke ba shi magani ya zo a kan babur, ya yi gaisuwa, Goggo ta juya masa ƙeya. Bawan Allah ya zauna a gefen tabarma yana ta juya hularsa a hannu, ba abin da yake maimaitawa sai, "Na gaya mashi ya riƙa cin abinci. Wallahi na gaya mashi."

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne surukina, mahaifin maigidana, manomi daga Wagini, mutum mai son ci da son ciyarwa. Bai fasa zuwa ba har aka tashi zaman makoki. Kullum aka ajiye masa fura da nono sai ya ɗaga faifan, ya duba, ya mayar ya rufe. Yayana ya ce, "Baba, ku ɗan sa wani abu a ciki, rana ta yi." Ya girgiza kai, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "A gidan ga? Ba ni iyawa." Waɗanda ba su san abin da ya faru a zaurensa ba sun ɗauka zafin rashi ne kawai. Ni na sani, don ina wurin.

Sai an san Baffa da kunya za a gane sauran labarin. Bafulatani ne irin wanda fulako ya zauna wa har cikin ƙashi. Tun da na buɗe ido ban taɓa ganin yana tauna wani abu a kasuwa ba, ko goro. Ba ya ci a gaban baƙo. Ba ya ci a gaban yayana don shi ne ɗan fari, sunansa ma ba ya faɗa, sai dai "wancan yaron". A gaban surukai kuwa, ko a gidansu, ko ruwa ba ya kurɓa. Inna takan kai masa akushi bukkarsa, ta sauke asabari, ta fito. Ni kaɗai nake kutsa kai in zauna, in sa hannu a tuwonsa. Ya harare ni ya ce, "Auta, ke dai ba ki da ta ido." In ce, "Ai kai ka kwashe rabona, Baffa." Sai ya kau da kai don kada in ga yana dariya. Duk wanda ya yi masa tayi kuwa amsa ɗaya zai samu, ko da rabonsa da abinci tun jiya: "Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Ciwon suga ya same shi bayan babban farin nan da ya kashe shanu, a shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, ana ta shimfiɗa kwalta, samari na sayen babur da rediyo. Ya rame, ya riƙa shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Inna ce ta lura kiyashi na taruwa a inda ya tsuguna. Aka kai shi asibitin birni, aka gwada ƙwayoyi ba su riƙe shi ba, likita ya ce sai allurar insulin, kullum, har iya rai. Da yake na yi firamare a Safana, ni aka koya wa aikin. In tafasa sirinjin gilashi a 'yar tukunya, in mirgina kwalbar a tsakanin tafukana har ruwan ya haɗe ya yi fari kamar tsinkakken nono, in soka masa a cinya yana kallon jinka. Kwalbar ba ta son zafi, don haka muka sa ta a ƙaramin tulu, muka binne shi a jiƙaƙƙen yashi a gindin randa.

Daga nan Baffa bai sake bin shanu ba. Da damina, in gonaki suka rufe ko'ina, garkenmu kan tafi wajen dajin Rugu sai an yi girbi, kuma tun yana yaro bai taɓa fashin wannan tafiya ba. Yanzu ga maganin da rana ke ɓatawa, ga zuwa Batsari duk wata don karɓo sabo. Ranar da yayana ya kora garken shi kaɗai, Baffa ya tsaya a bakin shinge riƙe da sandarsa har saniyar ƙarshe ta shige duhuwa. Da ya dawo ya nuna gindin randa da sandar ya ce, "An kafa mani turke, Auta. Ga shi nan." Na so in mayar da maganar wasa, na dubi fuskarsa na fasa.

Kwalaben nan iri biyu ne, kuma a tsakaninsu Baffa ya ƙare sauran kwanansa. Wadda aka fara ba shi, malamin asibiti ya ce mai matsakaicin zango ce. In an yi ta da safe ba ta wani motsi sai hantsi ya ɗaga, ƙarfinta ya kai maƙura wajen azahar, da almuru kuma ta fara sakin mutum, sai a ƙara masa wata 'yar kaɗan. Tana share suga sosai, amma tana da doka: in ta taso dole ta iske abinci a ciki. In ba ta iske ba sai ta kwashe ɗan sugan da ya rage a jini, mutum ya hau gumi da rawar jiki, ya fara magana ba kan gado, ya faɗi. Ɗayar kuwa mai dogon zango ce. Allura ɗaya, tana tafiya a hankali, ta yini ta kwana har ta taɓa gobe. Da rana ba ta matsa wa mutum, ko da abinci ya ɗan makara. Sai dai ba ta kai 'yar'uwarta share sugan tuwo ba, kuma tana iya jiran mutum da asuba, lokacin da ciki ya yi fayau. Baffa bai wahalar da kansa da waɗannan dogayen sunaye ba. Ya raɗa musu suna da lokacin da suke kama shi: ta azahar da ta asuba.

Ta azahar ce ta fara kunyata shi. Ya je kasuwar Batsari sayar da maraƙi, ciniki ya ja, rana ta take. Ya ji gumin ya fara. Akwai dabino a aljihunsa, don Inna ba ta barinsa ya fita ba shi. To amma yana tsakiyar kara, inda ake cinikin shanu, ga dillalai, ga Fulanin da suka san shi tun yana saurayi. Maimakon ya jefa dabino a baki, sai ya kama hanyar bayan gari neman gindin bishiyar da ba kowa. Bai kai ba. Wani mahauci ne ya tsince shi a kwance kusa da rumfunan hatsi, mutane sun yi masa zobe, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa farfaɗiya. Allah ya sa malamin asibiti ya shigo cefane.

Da ya farfaɗo, faɗuwar ba ta dame shi ba kamar zoben da aka yi masa. Malamin ya ce, "Baba, dabino biyu kawai da ka ci, da duk wannan bai faru ba." Baffa ya ce, "Malam, cikina bai san agogo ba. Kuma ni ba akuya ba ne da zan tsaya tsakar kasuwa ina tuƙa. In akwai wadda ba ta sa mutum ci gaban jama'a, ita za ka ba ni." Malamin ya kai maganar ga likita, aka mayar da shi kan mai dogon zango.

Igiyar ta ɗan ƙara tsawo. Ya koma zuwa kasuwa, da jana'iza, da ɗaurin aure, ya yini ya dawo ya ci tuwonsa a bayan asabari. Har muka fara cewa an dace. Sai wata safiya Inna ta fito tatsa ba ta ji ƙarar butarsa ba. Ta leƙa ta iske shi sharkaf da gumi, jiki sanyi ƙalau, ido biyu amma bai san ta ba. Da zuma muka dawo da shi, muna goga masa a dasashi. A ranar aka yi faɗan da liman bai ji labarinsa ba.

Inna ta ce, "A mai da shi kan ta azahar. Ita ko ba komi da rana take zuwa, a kan idon mutane."

Baffa ya ce, "Idon mutanen ne ba ni so."

"To ka gwammace in tashi wata rana in iske gawa?"

"Gawa a ɗakina ta fi mani faɗuwa a kasuwa."

Inna ta ajiye ƙwaryar tatsa da ƙarfi har nono ya fantsama. Ta daɗe ba ta yi masa magana ba, ni ke kai akushi in dawo da shi, kowanne yana aiko ni da abin da zai iya faɗa da bakinsa. A ƙarshe aka yi sulhu a kan cewa zai zauna a kan ta asuba, amma ba zai kwanta ba sai ya sha fura, yana jin yunwa ko ba ya ji, Inna na tsaye a bakin ƙofa har ta ji ludayi ya kankari ƙasan ƙwarya. Ni dai na gaji da su duka biyun, na tambayi malamin asibiti wace allura ce ta fi a gaskiya. Ya ce, "Wadda mutum zai iya bin dokarta." Na ce to Baffa ba ya iya bin ta kowacce. Ya ce ya sani.

Akwai wani abu da ban sani ba sai a zaman makoki. Wani magidanci daga Karare ya zo gaisuwa, ba mu san shi ba, ya ce a layin karɓar magani suka haɗu da Baffa. Ranar aka gaya masa shi ma sai allura, ya zauna yana kuka kamar yaro, yana cewa gara ya mutu da a riƙa huda shi kullum. Baffa ya kama hannunsa ya ja shi bayan gini. Mutumin da ko idon sawunsa ba ya bari a gani, ya naɗe wandonsa har sama, ya nuna masa cinyarsa duk ramuka da kullutu. Ya ce, "Ka gani? Shekara da shekaru ke nan, kuma da ƙafata na zo. Share idonka, akwai mata a layin." Mutumin ya ce ba don wannan ba da bai koma asibiti ba.

Da na yi aure a Wagini, sai da na koya wa Baffa yi wa kansa allura, Inna na tafasa masa sirinji. Bai taɓa taka gidana ba. In maigidana ya zo gaisuwa, nan take Baffa zai tuna akwai ɗan maraƙin da bai duba ba. Haihuwar fari a rugarmu na yi, don haka ba abin da ya kai shi can.

Sannan ƙasa ta tsuke. Kaya suka fara ɓacewa a kantuna, yau ba sabulu, gobe ba madara, har abin ya kai ga magani. Ta asuba ta yanke. Malamin asibiti ya miƙa masa ta azahar ya ce, "Abin da ke akwai ke nan, Baba. Ka yi haƙuri, kuma ka tuna dokarta." Baffa ya karɓa. Ya daina zuwa kasuwa, ya daina zuwa ko'ina da zai kai shi azahar. Daga bukka sai inuwar gawo, daga inuwar gawo sai bukka. In na zo ganin gida in tarar da shi yana gyaran igiyoyin shanun da ba su nan.

A daminar nan na haifi namiji, a ɗakina a Wagini. Surukina ya ce sunan Baffa za a sa masa, kuma da kansa ya tako har ruga ya faɗa. Irin wannan girmamawa ba a mayar da ita. Yayana na daji da shanu, don haka Baffa shi kaɗai zai zo. Ya tsara abinsa tsaf: ya yi allura da sassafe, ya sha nono, ya hau jaki, a raɗa suna, ya dawo gida tun hantsi bai gama ɗagawa ba. Inna ta zuba masa dabino a aljihu ta ce, "In ta taso ka ci, ko gaban wa kake."

Ina ɗaki cikin mata aka ce mini ga mahaifinki nan a zaure. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina. Aka yi addu'a, aka faɗi suna, aka yanka rago. Baffa na shirin miƙewa hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Rafin da ke tsakanin Wagini da Darini ya cika ya tumbatsa. Duk wanda ke ƙofar gida ya dunƙule a zaure: surukina, da ƙannensa, da liman, da maigidana, da maƙwabta. Waje ruwa, cikin gida mata. Baffa na tsakiya.

Aka shigo da waina da koko. Surukina ya yi masa tayi, ya ce ya ƙoshi. Surukina ya san Fulani, ya zauna da su tun yana yaro. Don ya girmama shi sai bai sake matsawa ba, har ya ce wa ƙannensa, "Ku ƙyale Malam, kada ku takura shi." Ya tambaye shi ko a buɗe masa shagon samari ya huta. Baffa ya ce nan ma ya isa. Shago ko zaure, duk gidan surukai ne a wurinsa.

Ni kuwa ina ɗaki ina lissafin rana da ka, tun da ba a ganinta. Na san tun yaushe ya yi allurar nan, na san kuma lokacin da take tasowa. Mai jego ce ni, ɗaki cike da dangin miji, kuma matar ɗa ba ta leƙa zaure surukinta na ciki. Na dama fura na aika ƙanwar maigidana, na ce a ce daga Auta. Ƙwaryar ta dawo da faifanta a rufe. Na ji liman ya ta da sallar azahar a zauren. Na sake aikawa, na ce a gaya wa maigidana lokacin maganin ne, ba wasa ba. Maigidana, da ko ido ba ya iya haɗawa da Baffa, ya raɗa wa mahaifinsa. Surukina ya matso da ƙwaryar ya ce, "Malam, an ce ka daure ka sha." Baffa ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." An ce a lokacin gumi na ɗiga daga gemunsa. Suka ɗauka cunkoson zaure ne, wani ya ɗauko mafici yana yi masa fifita.

Sai na ji salati ya tashi. Na miƙa wa uwar mijina jaririn, na fizgi kwalbar zuma da ƙwaryar furar, na fita cikin ruwan ko mayafi babu. Na iske shi ya zame jikin bango, rawaninsa ya jiƙe. Wani daga cikin ƙannen surukina ya tare ni ya ce, "Ke, mai ciwon suga za ki ba zuma? Kashe shi za ki yi?" Na ce, "Ku ba ni hanya!" Ban san da wace murya na faɗa ba, na dai ga sun dare. Na durƙusa ina goga masa zuma a dasashi da cikin kumatu. Hannunsa na dama na cikin aljihu. Na zaro shi, ga dabinon Inna a dunƙule a tafinsa, ya matse su har sun dame da gumi.

An jima ya buɗe ido. Ya dube ni, sannan ya dubi bayana, fuska bayan fuska. Da hannun hagu ya jawo bakin rawani ya rufe bakinsa, na daman ya ƙi ɗaguwa. Na cika ludayi na ce, "Baffa, ka sha." Ya runtse ido. Ni da ban taɓa ɗaga kai a gaban surukina ba, na juya na dube shi na ce, "Baba, ba zai sha ba kuna nan."

Surukina ya miƙe ya ce, "Kowa waje." Liman ya ce, "Ruwa fa ake." Ya ce, "Na ce kowa waje, har ni." Dattawan nan suka fita ɗaya bayan ɗaya da manyan rigunansu na suna, suka tsaya cikin ruwan sama, suka ba ƙofa baya. Baffa ya buɗe ido ya ga zaure ba kowa. Ya bar ni na sauke rawanin. Ya sha, a hankali, rabi na zubowa ta gefen baki. Da ya tsaya ya dubi kaina da ba ɗankwali, harshensa na harɗewa ya ce, "Auta, ke dai ba ki da ta ido." Na so in ba shi amsar da na saba, kuka ya hana ni.

Furar ta zo a makare. Gefen jikinsa bai sake tashi ba. Washegari da rafi ya janye aka mayar da shi gida a amalanke. Malamin asibiti ya zo ya duba, ya ce tsufa ne ya haɗu da daɗewar da ya yi jini ba suga. Bai yi mako ba ya cika, a bukkarsa, asabari a sauke, Inna na riƙe da hannunsa. A makon ne kuma ta asuba ta dawo asibiti. Malamin ya rasa yadda zai faɗa wa Inna, sai ni ya faɗa wa.

Goggo har yau tana zagin allurar. Ni ba na zaginta, don shekarun da ta ƙara mana da shi ba kaɗan ba ne. Ba na kuma zagin kunyarsa, ko da yake akwai ranakun da nake tashi da haushinta. Ranar da aka tashi makoki surukina ya tsaya daga nesa, kansa a ƙasa, ya yi mini magana kai tsaye a karo na farko tun da na shiga gidansa. Ya ce, "Ɗiyata, girmama shi na yi. Da na sani, tun hantsi zan kore su."

Takwaransa na nan a cinyata. Ba na iya faɗin sunansa, don haka shi ma Baffa nake ce masa. In yunwa ta kama shi tsala ihu yake yi, ba ruwansa da wanda ke zaune, ko liman ne ko kakansa na Wagini. Ni kuma duk inda ihun ya same ni nan nake zama in ba shi.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa, ya kwance masa turke. Allah ya saukar da shi a inuwar da zai janye rawani daga bakinsa ba fargabar idon kowa, ya sha, ya ce ya ƙoshi, kuma ya zama gaskiya ya faɗa. Amin.